DARASI NA TAKWAS: AJIYE KWAFIN KO-TA-KWANA DA MAIDO DA TSARIN KWAMFUTA TARE DA KIYAYE IZININ FAYILOLI

8.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayani a kan yadda ake buga rubutun Hausa a kwamfuta, da yadda ake samar da baƙaƙen nan masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. A wannan darasi kuwa za a duba abin da ke biyo bayan rubutun, wato adana shi. Malamin Hausa na yau ba ya rabuwa da kwamfuta. A cikinta yake tsara darasi, a cikinta yake ajiye muryoyin da ya naɗo wajen bincike, a cikinta kuma makaranta ke tara tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Ita kuwa na'ura ba ta da alkawari. Faifanta yana iya mutuwa, wutar lantarki tana iya ƙona ta, ɓarawo yana iya ɗauke ta, hannun mai aiki da ita ma yana iya goge abin da bai yi niyya ba.

Mutane da yawa sun san wannan, shi ya sa suke kwafe fayilolinsu a filash. Sai dai abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowane fayil yana tafe da wasu bayanai da ke fayyace mai shi, da wanda aka yarda ya buɗe shi, da wanda aka hana. Kwafin da ya ɗauko rubutu ya baro waɗannan bayanai bai cika ba, kuma ba zai iya maido da tsarin kwamfuta yadda yake ba. Wannan shi ne jigon darasin.

8.1 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

(a) Bayyana ma'anar kwafin ko-ta-kwana da maidowa da izinin fayil.
(b) Karanta izinin fayil cikin haruffa da kuma cikin lambobi.
(c) Kawo hanyoyin da izini ke salwanta wajen kwafa.
(d) Fayyace matakan ajiya da na maidowa waɗanda ke kiyaye izini.

8.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kamar yadda aka sani, harshe yana samun sababbin kalmomi ta hanyar aro, ko ƙirƙira, ko faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. An bi dukkan hanyoyin uku wajen samar da kalmomin wannan darasi.

Fayil: kalmar aro ce. Tana nufin duk wani rubutu ko hoto ko sauti ko manhaja da aka ajiye a kwamfuta da suna guda.

Jaka: an faɗaɗa ma'anarta domin ta nuna wurin da ake tara fayiloli. Jaka tana iya ƙunsar wasu jakunkuna a cikinta.

Kwafin ko-ta-kwana: kwafi ne da ake ɗauka a ajiye a wani wuri daban, domin ranar da na asali ya salwanta.

Maidowa: komar da abin da aka ajiye mazauninsa, har na'ura ta ci gaba da aiki kamar da.

Izini: ƙa'idar da ke bayyana wanda zai iya yin wani aiki a kan fayil ko jaka.

Babban mai kula: shi ne ma'aikacin da babu ƙofar da ke rufe a gabansa a cikin na'ura. A tsarin Linux sunansa root, kuma ana aron ikonsa ta hanyar fara umarni da kalmar sudo.

Tsarin faifai: salon da aka bi aka shimfiɗa faifai domin ya karɓi fayiloli. Misalansa su ne FAT32 da exFAT da NTFS da ext4.

8.3 Fayil da Bayanan Rakiyarsa

Ɗalibin harshe ya fi kowa saurin gane wannan batu, domin yana da misalinsa a cikin rubutun Hausa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna karin sauti, ba ta kuma nuna tsawon wasali. Saboda haka kalmar "gari" a rubuce tana iya nufin wurin zaman jama'a, tana kuma iya nufin abin da ake tuƙa tuwo da shi, alhali a baki tsawon wasalin farko ya raba su. Haka "kuka" tana iya zama zubar da hawaye, tana iya zama itaciyar da ake miya da ganyenta, kuma karin sauti ne ya bambanta su. Ke nan, idan aka mayar da magana rubutu, baƙaƙe da wasula sun iso, amma an baro wani sashe na bayanin a hanya.

Haka abin yake ga fayil. Akwai abin da ke cikinsa, akwai kuma bayanan da ke rakiyarsa: mamallakinsa, da rukunin da yake ƙarƙashinsa, da izininsa, da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe. Ba a cikin fayil ɗin ake rubuta waɗannan ba, tsarin faifai ne ke riƙe da su a gefe. Bambancin da ke akwai shi ne, Bahaushe yana maido da karin sauti da kansa idan yana karatu, domin ya san harshensa kuma muhallin kalma yana yi masa jagora. Kwamfuta ba ta da wannan basira. In bayanan rakiya suka ɓace, sai ta ɗora wa fayil wasu sababbi, ko sun dace ko ba su dace ba.

8.4 Yadda Aka Tsara Izini

Tsarin izinin da za a yi nazari a nan ya samo asali ne daga babbar manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a shekarar 1969. An gina ta ne domin mutane da yawa su yi aiki da na'ura ɗaya, don haka tun farko aka bukaci iyaka tsakanin kayan wannan da na wancan. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a shekarar 1991, ta gaji wannan tsari, haka ma macOS ta kamfanin Apple.

Ana iya kallon kowane aiki a kwamfuta a matsayin jimla mai aikau da aikatau da karɓau, kamar a ce, "Malami ya karanta fayil." Kafin na'ura ta aiwatar, sai ta duba ko an amince wa wannan aikau ya yi wannan aiki a kan wannan karɓau. Aikau iri uku ne: mamallaki, da 'yan rukuni, da sauran jama'a. Aikatau ma iri uku ne: karantawa, da rubutawa, da zartarwa, wato gudanar da fayil a matsayin manhaja. Ana nuna su da haruffan r da w da x, waɗanda aka ɗauko daga kalmomin Ingilishi. Uku sau uku tara, don haka kowane fayil yana da gurabun izini tara.

Idan aka ba da umarnin ls -l, na'ura tana jero fayiloli da izininsu. Ga misali a taƙaice:

-rw-r----- malami jarrabawa sakamako.ods

Alamar farko tana nuna irin abin: karan ɗori yana nufin fayil, harafin d yana nufin jaka. Gurabu ukun da ke biye na mamallaki ne, wato malami, kuma yana iya karantawa da rubutawa. Uku na tsakiya na rukunin jarrabawa ne, su karatu kawai aka yarje musu. Uku na ƙarshe na sauran jama'a ne, ba su da komai.

8.4.1 Izini Cikin Lambobi

An ba karantawa lamba 4, rubutawa lamba 2, zartarwa lamba 1. Ana haɗa na kowane aikau wuri guda, sai a sami lambobi uku. Misalin da ke sama ya zama 640, domin 4 da 2 sun ba da 6 ga mamallaki, rukuni yana da 4, sauran jama'a sifiri. Ga waɗanda aka fi cin karo da su:

600: mamallaki kaɗai ke karantawa da rubutawa.
644: mamallaki yana rubutawa, kowa yana karantawa.
700: jaka ko manhajar da mamallaki kaɗai ke shiga.
755: kowa yana karantawa da zartarwa, mamallaki kaɗai ke canzawa.
777: ƙofa a buɗe ga kowa da kowa.

Ana sauya izini da umarnin chmod, ana sauya mamallaki da umarnin chown.

8.4.2 Izinin Jaka da Izini na Musamman

Ma'anar haruffan tana sauyawa idan aka zo kan jaka, kamar yadda ma'anar kalma ke sauyawa da sauyin muhalli. A jaka, r tana ba da damar ganin sunayen abin da ke ciki, w tana ba da damar ƙara fayil ko cire shi, x kuma tana ba da damar shiga. Abin lura a nan shi ne, goge fayil ya dogara ne a kan izinin jakar da yake ciki. Mutum yana iya goge fayil ɗin da ba shi da ikon karantawa, matuƙar yana da ikon rubutu a jakar.

Bayan gurabu tara akwai wasu alamomi na musamman. Mafi muhimmanci ita ce alamar aron iko, wadda ke sa manhaja ta yi aiki da ikon mamallakinta maimakon ikon wanda ya kira ta. Manhajar passwd, wadda ake sauya kalmar sirri da ita, tana ɗauke da wannan alama, shi ya sa izininta yake 4755. Ta haka ɗalibi ke iya sauya kalmarsa ta sirri a cikin fayil ɗin da shi kansa ba shi da ikon taɓawa. Akwai kuma jerin izini na ƙari, wanda ake taƙaita sunansa da ACL, wanda ke ba da damar a ambaci wani mutum takamaimai a ba shi izini, ban da aikau ukun nan.

8.5 Hanyoyin da Izini ke Salwanta

Na farko, kwafa zuwa faifan da ba shi da gurbin izini. Galibin filash da katin waya suna zuwa ne da tsarin FAT32, wanda ya fito a 1996, ko exFAT, wanda ya fito a 2006. Duka biyun ba su da wurin rubuta mamallaki ko izini. Duk fayil ɗin da ya kwana a cikinsu zai fito da izini iri ɗaya da na maƙwabtansa. Bugu da ƙari, FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

Na biyu, kwafa ba tare da ikon babban mai kula ba. Ma'aikaci na gama-gari ba zai iya mallaka wa wani fayil ba, don haka duk abin da ya kwafa nasa yake zama. Fayilolin da ba shi da ikon karantawa kuwa ba za su shiga kwafin ba sam.

Na uku, kwafa ta hanyar da aka saba, wato jan fayil da linzami ko amfani da umarnin cp shi kaɗai. A nan na'ura tana ɗaukar kwafin a matsayin sabon fayil na wanda ya kwafa, kuma alamar aron iko tana faɗuwa. Sai an ce cp -a sannan take kiyaye bayanan rakiya.

Na huɗu, saɓani tsakanin suna da lamba. A zahiri na'ura ba da suna take sanin mutum ba, da lamba ne. Lambar babban mai kula sifiri ce, kuma a mafi yawan nau'o'in Linux ma'aikaci na farko da aka buɗe wa asusu yana samun 1000, na biyu 1001. A ɗauka a tsohuwar na'ura malami ne 1000, ɗalibi 1001. Idan a sabuwar aka fara buɗe wa ɗalibi asusu, shi zai zama 1000, kuma fayilolin malami da aka maido da lambarsu za su faɗa hannunsa.

Na biyar, aika fayil ta imel ko ta manhajojin hira. Waɗannan abin da ke cikin fayil kawai suke kaiwa.

8.6 Illar Salwantar Izini

Illar tana zuwa ta fuska biyu. Fuska ta farko ita ce ƙofa ta buɗe fiye da kima. Fayil ɗin sakamako da ke 640 ya koma abin da kowa ke karantawa, ko ma ya gyara. A nan na'ura za ta ci gaba da aiki lafiya lau, ba wata alamar matsala, kuma wannan ne ya sa wannan fuska ta fi haɗari. Sakamakon ɗalibai da bayanan lafiyarsu da na iyayensu amana ce. A Nijeriya ma Dokar Kare Bayanai ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Fuska ta biyu ita ce na'ura ta ƙi aiki. Idan manhajar sudo ta rasa alamar aron iko, ko ta fita daga mallakar babban mai kula, ba za ta ƙara aiki ba, kuma ita ce hanyar da aka saba bi wajen gyara. Manhajar SSH, wadda ake shiga wata na'ura daga nesa da ita, tana ƙin amfani da mabuɗin sirri idan ta ga wasu na iya karanta shi. Haka kuma manhajar rumbun bayanai ba za ta tashi ba idan jakarta ta koma hannun wani. Wasu idan suka shiga wannan hali sai su ba komai izinin 777 domin a huta. Wannan tamkar mutum ne ya rasa mabuɗin ɗaki ɗaya, sai ya cire ƙyauren kowane ɗaki a gidan.

8.7 Hanyoyin Ajiya Masu Kiyaye Izini

8.7.1 Hanyar Dami

Manhajar tar ta fito ne a 1979, a zamanin da ake ajiye bayanai a zaren kaset. Aikinta shi ne ta tattara fayiloli masu yawa ta ɗaure su dami ɗaya, tana rubuta bayanan rakiyar kowane fayil a cikin damin kansa. Amfanin wannan a fili yake: tun da izini yana cikin dami, ana iya ajiye damin a faifan exFAT, ko a tura shi ta intanet, ba abin da zai same shi. Ga umarnin ɗaure dukkan tsarin:

sudo tar -czpf /mnt/ajiya/tsari.tar.gz --acls --xattrs --numeric-owner --one-file-system /

Kowane harafi a nan kamar ɗafi yake, yana ƙara wa umarni ma'ana. Harafin c yana nufin a ƙirƙiri dami, z a matse shi, p a kula da izini, f kuma ga sunan damin. Zaɓin --acls da na --xattrs suna ɗaukar izinin ƙari da sauran alamomi. Zaɓin --numeric-owner yana sa a yi aiki da lambobi. Zaɓin --one-file-system yana hana tar tsallakawa zuwa wani faifai. Ta haka ba za ta shiga jakunkunan /proc da /sys da /dev da /run ba, waɗanda na'ura ke cikawa da kanta duk lokacin da ta tashi, kuma dami ba zai yi ƙoƙarin haɗiye kansa ba. Sai dai a kula: idan jakar /home, inda kayan ma'aikata suke, tana wani yankin faifai daban, wannan zaɓi zai tsallake ta, don haka wajibi ne a ambace ta a ƙarshen umarnin.

8.7.2 Hanyar Madubi

Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da manhajar rsync a ƙasar Ostareliya a 1996. Ita ba ta ɗaure dami. Tana yin kwafi mai kama da na asali sak, kuma a karo na biyu abin da ya canza kawai take ɗauka, wanda hakan ke sa ta sauri. Ga misali:

sudo rsync -aAXHx --numeric-ids / /mnt/ajiya/tsari/

Harafin a yana kiyaye izini da mamallaki da rukuni da lokaci. Manyan haruffan A da X da H suna ƙara izinin ƙari da sauran alamomi da mahaɗan fayiloli, ƙaramin x kuma yana tsayar da aikin a faifai ɗaya. Sharaɗin wannan hanya shi ne, faifan ajiya ya zama mai gurbin izini, kamar ext4. Idan exFAT ne, umarnin ba zai sami inda zai rubuta izinin ba. Haka nan ya kamata a sani cewa madubi abin da ke gabansa yake nunawa. Idan fayil ya lalace yau aka sake gudanar da umarnin, lalataccen ne zai maye gurbin mai kyau. Don haka ake ajiye kwafi na ranaku daban-daban. Ana kuma iya ƙara harafin n domin a ga abin da umarnin zai yi kafin ya yi shi.

8.7.3 Hoton Faifai

Hanya ta uku ita ce a ɗauki yankin faifai gaba ɗaya yadda yake, da manhaja irin su Clonezilla, wadda aka samar a Taiwan, ko umarnin dd. Da yake tsarin faifan ne kansa ake kwafewa, izini yana biyowa ba tare da an nema ba. Wannan hanya ta dace da ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ake son na'urori da yawa su zama iri ɗaya. Raunin ta shi ne, ana tsayar da aiki kafin a ɗauka, kuma ciro fayil ɗaya tak daga ciki yana da wahala.

8.7.4 Ajiye Izini Shi Kaɗai

Ana iya rubuta jerin izini a fayil ɗin rubutu a ajiye shi tare da kwafi:

sudo getfacl -Rp /home > izini.txt

Ranar da izini ya rikice, umarnin sudo setfacl --restore=izini.txt zai mayar da kowane fayil ga mai shi da izininsa. Wannan ya yi kama da sanya wa rubutu alamomin karin sauti a takarda ta daban.

8.7.5 Tsarin Windows

Windows tana amfani da tsarin faifai na NTFS, wanda ya fito a 1993, kuma izininta jeri ne na mutane da abin da aka yarje wa kowa. Mai kula yana kwafa tare da izini da umarni kamar haka:

robocopy D:\Sashe E:\Ajiya /E /COPYALL

A nan ma dole faifan ajiya ya zama NTFS. Ita ma Windows da doguwar lamba take sanin mutum. Idan aka sake ɗora ta, aka buɗe asusu da tsohon suna, lambar sabuwa ce, don haka sai mai kula ya sake mallaka wa mutum fayilolinsa.

8.8 Matakan Maidowa

A ɗauka faifan kwamfutar sashe ya mutu, an sayo sabo, kuma akwai dami a ajiye. Ga matakan da za a bi:

(1) A tayar da na'ura daga filash mai ɗauke da Linux.
(2) A yanka sabon faifai, a shimfiɗa masa tsarin ext4.
(3) A ɗaura sabon faifan a jakar /mnt/sabo, faifan ajiya kuma a /mnt/ajiya.
(4) A kwance damin da ikon babban mai kula:

sudo tar -xzpf /mnt/ajiya/tsari.tar.gz --acls --xattrs --xattrs-include='*.*' --numeric-owner -C /mnt/sabo

Harafin x a nan yana nufin kwancewa. Wannan mataki ne ya fi bukatar --numeric-owner, domin Linux ɗin da ke filash tana da nata jerin sunaye da lambobi. In aka bar tar ta bi suna, za ta raba fayiloli bisa jerin filash, wanda ya saɓa da na tsarin da ake maidowa.

(5) A gyara fayil ɗin /etc/fstab. Kowane yankin faifai yana da lambar shaida, kuma ta sabon faifai ta bambanta da ta tsohon. Umarnin blkid yana nuna sabuwar.
(6) A sake ɗora manhajar tayarwa, wato GRUB, a sabon faifai.
(7) A cire filash, a tayar da na'ura, a gwada shiga da asusun mutane daban-daban, a tabbatar kowa yana ganin nasa kuma ba ya ganin na wani.

8.9 Gwaji da Wurin Ajiya

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba zato ne kawai. A shekarar 1998, a kamfanin shirya fina-finai na Pixar da ke Amurka, wani umarnin gogewa da aka bayar bisa kuskure ya share kusan kashi 90 cikin ɗari na fayilolin fim ɗin Toy Story 2. Da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar bai cika ba. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da wata ma'aikaciya ke da shi a kwamfutarta ta gida. Haka kuma a ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kimanin gigabait 300 na rumbun bayanan kamfanin. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, amma a ranar bukata ba su biya ba, sai wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin aukuwar abin aka dogara da shi, bayanan waɗannan awoyi kuwa suka salwanta. Duka wuraren biyu suna da ƙwararru da kayan aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gwaji.

Gwajin ba shi da wuya. Umarnin tar mai harafin d yana kwatanta dami da abin da ke faifai, ya bayyana duk inda aka sami bambancin izini ko mamallaki ko girma. Ya kamata kuma a kowane zangon karatu a kwance dami a wata na'ura a ga ko za ta tashi.

Game da wurin ajiya, akwai ƙa'idar 3-2-1, wadda ake danganta ta ga Peter Krogh, wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke: kwafi uku, a na'urorin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Faifan ajiyar da ke jone da kwamfuta dare da rana yana tarayya da ita a gobara da sata da tsawa. A ƙarshe, a tuna cewa izini yana aiki ne muddin babbar manhaja na tsaye tana gadi. Duk wanda ya sami faifan ajiya a hannunsa zai iya jona shi a tasa na'urar, inda shi ne babban mai kula, ya karanta komai. Saboda haka a kulle faifan a wuri amintacce, a kuma sirranta abin da ke cikinsa da kalmar sirri.

8.10 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa fayil ya ƙunshi abin da ke cikinsa da kuma bayanan rakiyarsa, kamar yadda kalmar Hausa ta ƙunshi baƙaƙe da wasula da kuma karin sauti da tsawon wasali. An bayyana gurabun izini tara da lambobinsu, da hanyoyi biyar da suke salwanta, da illar hakan ga sirri da kuma aikin na'ura. An kuma kawo hanyoyin dami da madubi da hoton faifai, tare da matakan maidowa. Sharuɗɗa huɗu ne suka ratsa dukkan hanyoyin: a yi aiki da ikon babban mai kula, a zaɓi manhajar da ke ɗaukar izini, a ajiye a inda izini ke da gurbi, sannan a gwada maidowa tun kafin ranar bukata.

8.11 Auna Fahimta

1. Yi bayanin dangantakar da ke tsakanin karin sauti a rubutun Hausa da bayanan rakiyar fayil.
2. Mayar da waɗannan zuwa lambobi: (a) rwxr-x--- (b) rw-rw-r-- (c) r--------
3. Me ya sa damin tar ke kiyaye izini a faifan exFAT, alhali madubin rsync ba ya iyawa?
4. Kawo dalilin da ya sa ake fifita lamba a kan suna wajen maidowa.
5. Wace illa ce ke tattare da ba dukkan fayiloli izinin 777?

8.12 Jinga

A ɗakin kwamfuta, buɗe jaka ka sanya fayiloli uku a ciki, ka ba su izinin 600 da 640 da 755. Kwafe jakar a filash mai tsarin FAT32 ta hanyar da aka saba, sannan ka ɗaure ta dami da tar ka ajiye a filash ɗin. Maido da duka biyun, ka duba su da ls -l, ka rubuta rahoton abin da ka gani cikin daidaitacciyar Hausa, wanda bai wuce shafi biyu ba.